Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kwamishinonin Ilimi da Shugabannin SUBEB na Jihohin Arewa, Kan Yaran da Muke Kira Daƙiƙai

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Masu girma Kwamishinoni da shugabannin hukumomin ilimin bai-ɗaya, ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku.

Ni malamar firamare ce. Shekara 24 ke nan ina riƙe da alli a makarantun gwamnati, mafi yawansu a aji biyu da aji uku. Ina rubuto muku ne a madadin wasu iyaye da malamai da muke haɗuwa lokaci-lokaci, kuma abu ɗaya ne ya haɗa mu: kowannenmu yana da yaro, na cikinsa ko na ajinsa, mai wayo da saurin fahimta, amma karatu ya ƙi shi. Masana suna kiran wannan larura disileksiya. Mu a unguwa ba mu da sunanta. Sunayen da muke da su duk na yaron ne: daƙiƙi, dolo, jaki, wanda kansa ba ya ja.

Abu biyu suka sa na ɗauki biro. Watan Oktoba, wanda ƙasashe da dama suka keɓe domin wayar da kai game da wannan larura, ya zo ya wuce ban ji an ambace ta ba, ko a taron malamai ko a takardar da ta zo wa makarantarmu daga ofis. Sai kuma ga sanarwar Nuwamban 2025 cewa Gwamnatin Tarayya ta janye manufar nan ta 2022 ta koyar da 'yan firamare da harshen uwa, an koma Turanci. Zan dawo kan wannan. Bari in fara da bayanin larurar, domin ni kaina na yi fiye da shekara goma ina koyarwa ban san da ita ba.

Yaro da kunne yake koyon magana, ba wanda yake zaunar da shi ya koya masa. Karatu kuwa sai an koya. Kafin yaro ya karanta "tuwo", sai ƙwaƙwalwarsa ta raba kalmar gida biyu, "tu" da "wo", ta sake raba kowace gaɓa zuwa sautukanta, ta ɗaura kowane sauti da alamar da aka rubuta a allo, kuma ta saba da hakan har ya zama ba sai an tsaya tunani ba. To, a nan gizo ke saƙar. Mai disileksiya idonsa lafiya, kunnensa lafiya, basirarsa daidai da ta sa'anninsa, wani lokacin har ta fi, amma ɗaura sauti da harafi yana yi masa nauyi ƙwarai. Harafin da ya gane jiya, yau ya zama baƙo. Abin yana bin jini, shi ya sa in ka bincika sai ka tarar akwai kawu ko baffa da aka ce shi ma boko ta ƙi shi. Ba a warkewa kamar zazzaɓi, amma in aka koyar da yaron ta hanyar da ta dace yana iya karatu, ya kai ko'ina a ilimi.

Kuma ba sabon abu ba ne. Wani likitan ido a Jamus, Rudolf Berlin, shi ya raɗa mata wannan suna a 1887. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin wani yaro ɗan shekara 14 da ya kasa karatu, wanda malaminsa ya ce da a ce da baki kawai ake koyarwa, da babu wanda ya kai shi a makarantar. Ranar da na fara cin karo da wannan labari sai da na ajiye wayar na yi shiru, domin kusan maganar da malamin Islamiyya ya faɗa mini ke nan a kan autana.

Autan nawa yana da shekara tara ya haddace izu biyar, duk da ka, daga bakin malam. In aka ba da labari a gida sau ɗaya, shi zai maimaita shi bayan wata guda bai zubar da komai ba. Amma yana aji huɗu bai iya karanta jimla guda ba, sunansa ma sai ya juya haruffan. Kullum da safe ciwon ciki, ranar Asabar da Lahadi kuwa garau. Mun kai shi asibitin ido, aka ce lafiya lau. Dangi suka ce sammu ne, aka yi rubutu, aka yi ruƙiyya. Ni kuma, uwarsa, malamar da ta koya wa 'ya'yan wasu karatu, na dake shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ina ganin taurin kai ne yake so ya kunyata ni a gaban abokan aikina. Sai da Allah Ya haɗa mu da wata malamar jami'a mai koyar da ilimin masu buƙata ta musamman. Ta zauna da shi kamar awa ɗaya, ta fito ta faɗa mana sunan abin. Na nemi gafarar ɗana a daren nan, kuma har yau in na tuna zuciyata ba ta yi mini daɗi.

Ƙungiyar masu kula da wannan larura a Birtaniya tana ƙiyasta cewa mutum 1 cikin 10 yana da ita, 4 cikin 100 kuma tasu mai tsanani ce. Ajina na bana yara 90 ne. Ku bar adadi na farko, ku ɗauki na masu tsananin kawai: yara uku ko huɗu ke nan a gabana kowace safiya. Ko uku-uku aka lissafa, a shekara 24 yara 72 ne suka bi ta hannuna. Ina tuna fuskokin wasunsu a bencin baya.

Kukanmu na farko a kan horon malamai ne. Lokacin da nake NCE an yi mana kwas guda a kan ilimin masu buƙata ta musamman. Abin da ya zauna mini daga cikinsa makafi ne da kurame da guragu. Wahalar koyo kuwa 'yan layuka ne muka haddace domin jarrabawa muka manta. Daga nan na halarci bita iri-iri, ta tsara darasi, ta cike rajista, ta tsaftar makaranta, amma ban taɓa zama a bitar da aka nuna mana yadda za mu gane irin waɗannan yara ba. Alhali masana muna da su. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta musamman da ke Oyo tun 1977 take horar da malamai a wannan fanni, Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos kuma suna da sassan da ke koyar da shi. Sai dai in aka ce ilimi na musamman, hankalinmu makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano yake tafiya, inda ake kula da kurame da makafi. Aikin da ake yi a can abin yabo ne. Amma mai disileksiya ba can za a kai shi ba. Yana nan cikin aji tare da kowa, ba sanda, ba keke, ba wata alama a jikinsa, kuma malamin da ke gabansa bai san abin da yake kallo ba.

Daga rashin sanin nan ne kuka na biyu ya fito, wato bulala. Malamin da bai san larura ba, lalaci yake gani. Ranar shifta yaron zai ci sifiri, a kira makinsa a gaban aji, a yi masa ihu, a sa shi kamun kunne ko tsallen kwaɗo. A tashe shi ya karanta a bayyane, ya tsaya yana in-ina, yara suna dariya. Shekara guda ta irin wannan ta isa ta koya wa yaro cewa makaranta wurin wulaƙanci ne. Wasu su zama shiru-shiru kamar ba sa ajin, wasu su zama fitinannu, don gara a ce da kai mara ji da a ce da kai daƙiƙi. Daga nan sai fashi, sai maimaita aji, sai uban ya ce tunda kan ba ya ja a kai shi gareji ko kasuwa. Ta 'ya mace ta fi muni. Na koyar da wata yarinya da in ana lissafin baki ba a rigan ta ɗaga hannu, canjin tallar uwarta kuwa ba ta taɓa kuskurensa. Da ta maimaita aji huɗu sau biyu, sai aka ce ba amfanin ɓata kuɗin littafi, ta koma ɗaukar farantin talla gaba ɗaya, ba a daɗe ba aka aurar da ita. Ranku ya daɗe, kuna kashe maƙudan kuɗi kuna yekuwar a kawo yara makaranta, kuma muna ganin ƙoƙarinku. To ga wasu da iyayensu suka kawo da hannunsu, mu muke kore su da namu hannun, daga baya a lissafa su cikin yaran da ba sa zuwa makaranta.

Na uku, babu gwajin da ke tsamo su da wuri. A nan sai in faɗi wata gaskiya mai ɗaci: ba duk yaron da ya kasa karatu ne yake da disileksiya ba. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa kusan yara 9 cikin 10 'yan shekara goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi. Mafi yawansu lafiyarsu ƙalau, koyarwar ce ba su samu ba, ga cunkoso, ga rashin littafi, ga yunwa, wani kuma tabarau kawai yake buƙata ko maganin ciwon kunne. A ajin da kusan kowa bai iya karatu ba, mai larurar ya ɓace cikin taro. Hanyar gano shi ita ce a fara koya wa kowa sautin haruffa da haɗa baƙi yadda ya kamata, sannan a duba wa aka bari a baya duk da ya zo kullum kuma ya yi ƙoƙari. A Ingila tun 2012 suke yi wa kowane yaro ɗan wajen shekara shida irin wannan gwaji: kalmomi 40, rabinsu ƙagaggu ne marasa ma'ana, don a gane ko yaron haɗa baƙi yake yi ko hadda ce. Mintuna kaɗan yake ɗauka. Mu ma ba daga sifiri za mu fara ba, domin an riga an yi gwajin karatun farko da Hausa a Bauchi da Sakkwato, inda aka gudanar da shirin Mu Karanta, an kuma yi shirin RANA a Katsina da Zamfara. Littattafan suna nan, malaman da aka horar suna nan. Amma waɗannan shirye-shirye ne na masu ba da tallafi, kuma kowane tallafi yana da wa'adi. Ku ne ba ku da ranar tafiya.

Yanzu ga batun harshe, wanda ya fi tsaya mini a rai.

Rubutun Hausa na boko yana da wata ni'ima da ba mu cika lura da ita ba: yawanci yadda ka ji haka za ka rubuta. In yaro ya san "k" ya san "a", to "ka" ce yau, "ka" ce gobe. Turanci ba haka yake ba. Haruffa 26 ne suke ɗauke da sautuka kusan 44, wasali ɗaya ya yi furuci uku ko huɗu, wasu haruffan a rubuta su amma ba a furta su. Ko ɗan Ingila da aka haifa cikin harshen ya fi ɗan Italiya daɗewa kafin ya iya karatu, saboda rubutun Italiyanci irin namu ne, mai bin sauti. Wani bincike da aka buga a 2001 ya gwada masu disileksiya daga Italiya da Faransa da Ingila, aka tarar larurar iri ɗaya ce a ƙwaƙwalwarsu, amma 'yan Italiya sun fi sauran iya karatu, don rubutunsu bai cika tarko ba. To ku dubi ɗan ƙauyenmu mai wannan larura. Matsalarsa tun asali ita ce rarrabe sautukan kalma. Sai a ce ya fara rarrabe su a harshen da bai taɓa ji a gida ba, a rubutun da ya fi yawancin rubuce-rubuce rikici, daga bakin malamin da shi ma Turancin bai zauna masa ba. An ɗora wa mai ciwon wuya kaya biyu. Ba mu ƙi Turanci ba, muna so 'ya'yanmu su iya shi, don da shi za su rubuta WAEC da NECO. Yaron da ya gane sirrin haɗa baƙi da Hausa, da wannan sirrin zai shiga Turancin.

Hausar ma tana da nata wuraren tuntuɓe, kuma mu muke ƙara su. Ku rubuta b, d, ɓ, ɗ a jere ku dube su da idon yaro ɗan shekara bakwai da haruffa ba sa zauna masa. Huɗu ne masu kama da juna, kowanne da sautinsa. Sannan ba ma nuna tsawon wasali a rubutu, shi ya sa "gari" na zama da "gari" na tuwo suke fitowa iri ɗaya. Wannan ya isa. Amma sai a kai takardar jarrabawa shagon buga takardu a dawo da ita babu ƙugiya ko ɗaya: ƙafa ta zama kafa, baƙi ya zama baki, ɓari ya zama bari, ɗaka ta zama daka. Mai karatu da sauri zai cinko ma'anar daga jimla. Wanda yake bin harafi ɗaya-ɗaya da yatsa kuwa an ɓatar da shi. Kada kuma a manta yaron nan da la'asar yana Islamiyya, inda rubutu ke tafiya daga dama zuwa hagu, kuma ɗigo ne kawai ya raba wasu haruffan da 'yan uwansu.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne maganin ba baƙo ba ne a wurinmu. Hanyar da Samuel Orton da Anna Gillingham suka tsara a Amurka a shekarun 1930, wadda har yau ake gina koyar da masu disileksiya a kanta, ita ce harafi ɗaya-ɗaya, a tsare, yaro ya gani, ya ji, ya furta, ya zana da hannunsa, a yi ta maimaitawa, kuma ba a wucewa gaba sai na baya ya zauna. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan tsari: babbaƙu tukuna, sannan farfaru, kowane almajiri da inda allonsa ya tsaya, ba a wanke masa sai ya iya. Abin da na yi wa autana ke nan bisa shawarar malamar nan. Tire da yashi yana zana harafi da yatsa yana faɗar sautinsa, murafun kwalba da na rubuta wa haruffa yana jera su yana haɗa gaɓoɓi, minti ashirin bayan la'asar, har tsawon shekara biyu. Da Hausa muka fara. Yanzu yana aji biyu na ƙaramar sakandare. Yana karatu a hankali, rubutunsa har yanzu da kurakurai, amma ciwon cikin safe ya tafi. Shi ya yi sa'a uwarsa malama ce kuma ta haɗu da wadda ta sani. Sauran ukun da ke kowane aji fa?

Kuka na ƙarshe gajere ne: jarrabawa. Yaron da ya san amsa amma yake buƙatar ninkin lokaci kafin ya karanta tambayar, saurin karatunsa ake aunawa, ba saninsa ba. A Ingila irin waɗannan ɗalibai suna samun ƙarin kashi 25 cikin 100 na lokaci, wasu har a ba su mai karanta musu tambaya. A nan gida ma JAMB tun 2017 ta yi wa makafi tanadi na musamman, wanda ya nuna abin mai yiwuwa ne in an so.

Ranku ya daɗe, ba sabuwar doka muke nema ba. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce makarantun gwamnati su zama na kowa, kuma kowace makaranta ta samu aƙalla ma'aikaci guda da aka horar domin irin waɗannan ɗalibai. Akwai manufar ƙasa ta 2015 kan iliminsu. Dokar UBE ta 2004 ta ware wa ilimin bai-ɗaya kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, kuma a cikin abin da UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, ke rabawa akwai kason masu buƙata ta musamman da na horar da malamai. Saboda haka ga abin da muke roƙo.

Ku fitar da takardar umarni zuwa ga duk shugabannin makarantu, na gwamnati da masu zaman kansu, cewa an hana dukan yaro ko kunyata shi saboda ya kasa karatu ko shifta, an kuma hana kiran makin yara a gaban aji. Wannan ba ya cin ko sisi, kuma ana iya yin sa a makon nan.

Ku sa gwajin karatu na minti biyar da Hausa, ko da harshen da yaran yankin suke ji, a ƙarshen aji ɗaya da tsakiyar aji biyu, malamin aji ya yi shi da kansa. Wanda aka ga yana baya a fara duba idonsa da kunnensa a asibitin da ke kusa, sannan a sa shi cikin ƙaramin rukuni na yara biyar ko shida, minti ashirin zuwa talatin a kullum, cikin lokacin makaranta. Kada sakamakon gwajin ya zama dalilin maimaita aji ko kora.

Ku sa wannan larura cikin bitar malamai ta kowace shekara, ku nemi kwalejojin ilimi na jihohinku su ba ta kwas na kanta mai haɗe da gwaji a aji. In an zo ɗaukar malamai, a ware guraben waɗanda suka karanci ilimin masu buƙata ta musamman, a tura aƙalla guda kowace ƙaramar hukuma yana zagaya makarantu, kafin a kai ga guda a kowace makaranta kamar yadda doka ta ce. Shi ne kuma zai riƙa ba da takardar shaidar larurar kyauta, don talaka ba zai iya biyan masu gwaji na kuɗi a Abuja ko Legas ba.

Ko wane harshe aka ce a koyar da sauran darussa da shi, ku kare darasin koyon karatu da Hausa a aji ɗaya zuwa uku, a ba shi lokacinsa kullum, ku kuma kai wannan magana gaban Majalisar Ilimi ta Ƙasa, inda kuke da kujeru. Duk littafi da takardar jarrabawar Hausa da za a buga da kuɗin jiha, a sharɗanta ƙugiya da rubutu manya-manya mai tazara.

Jarrabawar da ke hannunku, ta kammala firamare, ta ƙaramar sakandare, da kwalifayin a jihohin da ake yin ta, ku ba mai takardar shaida ƙarin lokaci, kuma kada a rage masa maki a kimiyya ko lissafi saboda kuskuren harafi.

Sannan ku yi amfani da gidajen rediyon jihohinku, ku gayyato malaman Islamiyya da limamai da kwamitocin SBMC, wato na al'umma masu kula da makarantu, a yi wa iyaye bayani da harshen da suke ji. Malaman Islamiyya su ne sukan fara lura da yaron da haddarsa ta yi nisa amma duba ya gagare shi, kuma maganarsu tana shiga kunnen iyaye fiye da tamu.

Mu iyaye da malaman da ke cikin wannan tafiya a shirye muke mu zo duk ofishin da aka kira mu, da tirenmu na yashi da murafun kwalba, mu nuna abin da muke yi a gidajenmu. Muna fatan ganin takardar hana dukan ta iso makarantu kafin a shiga jarrabawar ƙarshen wannan zango.

Allah Ya ƙara muku lafiya da basira, Ya yi riƙo da hannayenku.

Wassalamu alaikum.

Taku,
Malamar firamare, a madadin iyaye da malaman yara masu wahalar karatu.